Idan akwai masu rai a wata duniyar, su ma Yesu ya mutu dominsu?

Maman Tagwaye, Tumfure:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ku taimake ni da wata magana da ta hana ni barci tun shekaranjiya. An ɗauke wuta a unguwarmu, zafi ya koro mu waje, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan mun ci tuwo. Can sai ɗaya daga cikin tagwayena ya ƙwala ihu, "Mama, taurari suna tafiya!" Na ɗaga kai, ga su kuwa a jere kamar duwatsun wuya a zare, sun fi ashirin, suna tafiya shiru babu ƙara har suka ɓace a bayan bishiyar darbejiyar maƙwabta. Unguwa duk aka fito. Wata ta fara addu'a da ƙarfi, wani ya ce alamar ƙarshen zamani ce, wani saurayi ya ce halittun wata duniya ne, wai ya gani a TikTok.

Da muka shiga ɗaki sai yaron nan, shekararsa 11, ya ce mini, "Mama, idan akwai mutane a can sama, su ma Yesu ya mutu dominsu ne? Ko can ma sai ya je an sake gicciye shi?" Na daka masa tsawa na ce ya rufe baki ya kwanta. Ya yi shiru, ya juya fuska bango. Abin yana ta cina a rai. Shekara tara ke nan ina koyarwa a makarantar Lahadi, kuma rabin yaran ajina 'yan unguwarmu ne, sun ga abin da idonsu. Ranar Lahadi tambayar nan za ta dawo. Me zan ce musu?

Malamin Kimiyya, Kaltungo:
Sannu Maman Tagwaye. Bari in fara da mai sauƙin. Yadda kika bayyana abin, taurarin ɗan'adam ne na Starlink, kamfanin nan mai sayar da intanet wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023. Roka ɗaya ke ɗaukar su da yawa ta sake su lokaci guda, shi ya sa a kwanakin farko ake ganinsu a layi kafin kowane ya kama hanyarsa. Ba fitila gare su ba, hasken rana ne ke dukansu, domin rana ta faɗi a wurinmu amma can sama, ɗaruruwan kilomita, har yanzu tana haskawa. Tun 2019 ake ganin irin wannan a ƙasashe da yawa. Ki kwantar da hankalin maƙwabta, aikin hannun mutum ne.

Tambayar yaron kuwa tana nan daram, kuma tambaya ce ta mai hankali.

Ɗan Bogoro:
Malam, da girmamawa, ni ban yarda duka Starlink ba ne. A 2023 wani tsohon jami'in leƙen asirin sojan Amurka ya tsaya gaban majalisarsu ya yi rantsuwa cewa gwamnati tana ɓoye kumbunan da ba mutum ya ƙera ba. Ni abin da na gaskata shi ne aljanu ne. 2 Korintiyawa 11:14 ta ce Shaiɗan yakan mai da kansa kamar mala'ikan haske. Ana shirya zukatan mutane ne don ruɗin kwanakin ƙarshe.

Malamin Kimiyya, Kaltungo:
Ƙanena, zaman majalisar ya faru, a watan Yuli 2023, sunan mutumin David Grusch. Amma ka saurari zaman da kyau. Cewa ya yi an faɗa masa, bai kawo ko ƙusa ɗaya ya ajiye a teburi ba. A watan Maris 2024 ofishin da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa don bin diddigin irin waɗannan rahotanni ya fitar da bayani cewa bai sami shaidar wata fasaha daga wajen duniya ba. Kana iya cewa ba ka yarda da gwamnati ba, wannan haƙƙinka ne. Amma gaskiyar da ke ƙasa ita ce har yau ba a sami ko ƙwayar halitta ɗaya mai rai a wajen duniyarmu ba. Ko ɗaya.

Abin da aka samu shi ne duniyoyi. A 1995 wasu masana biyu daga Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano duniya ta farko mai zagaya wani tauraro irin ranarmu. Zuwa 2022 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta tabbatar da fiye da 5,000, kuma lissafin yana ta hawa. Akwai tauraro ɗaya, TRAPPIST-1, mai duniyoyi bakwai masu girma kusan kamar tamu. A kan Mars akwai motoci marasa direba suna yawo, ɗaya ta sauka a 2021 a wani kwari da ya taɓa zama tafki, tana haƙa duwatsu tana neman alamar ko ƙananan halittu sun taɓa rayuwa a can. Yaranmu za su girma suna jin waɗannan labarai a waya kullum.

Dattijo Mai Ritaya, Billiri:
'Ya'yana, na karanta duka. Maman Tagwaye, 'yata, ki gaya wa yaron babu kowa a can. Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Zabura 115:16 ta ce sammai na Ubangiji ne, duniya kuwa ya ba 'yan adam. Ishaya 45:18 ta ce duniya ya siffata domin a zauna a cikinta. Farawa sura ta ɗaya ta ba da dalilin rana da wata da taurari: su ba da haske, su zama alamu na lokatai da kwanaki da shekaru. Ba a ce masauki ne na wasu ba. Shekarata 74, na yi dattijon ikkilisiya shekara 26, ban taɓa ganin inda aka ƙara wa Maganar Allah abu aka wanye lafiya ba.

'Yar Ɗakin Gwaji, Gombe:
Baba, barka da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Ina da tambaya cikin ladabi. Ni aikina duba jini a madubin awo. Kullum sai na ɗiga jinin yaro a gilashi, na shafa masa launi, na leƙa, in ga ƙwayar zazzabin cizon sauro zaune cikin ƙwayar jini kamar zobe. Ran nan na ɗebo ruwan kududdufi a bayan gidanmu don in nuna wa ƙanwata, ɗigo ɗaya, muka ga abubuwa suna ninƙaya, wasu da gashi-gashi a jiki, wasu suna rabuwa biyu a gabanmu. Ta ja da baya ta kama baki. Waɗannan halittu suna nan tun kafin Musa, amma babu mutumin da ya gan su sai wajen shekarun 1670 da wani ɗan Holan ya haɗa madubinsa. Littafi bai ambace su ba. Haka bai ambaci nahiyar Amurka ba, inda masara da rogo da gyaɗa da tumatir suka fito, abincin da muke ci kullum. Shirun Littafi a kan abu yana nufin babu abin ke nan, Baba?

Dattijo Mai Ritaya, Billiri:
'Yata, kin yi tambaya mai kyau. Ƙwayar cuta da masara ba su da rai na har abada, ba sa bukatar ceto. Idan gobe aka ce an ga gansakuka a Mars, ba zan fasa cin tuwona ba. Maganata a kan masu hankali ce, masu sanin nagarta da mugunta. A nan ne ƙafar take.

Fasto, Tula:
Gaisuwa cikin sunan Yesu. Baba ya taɓa ainihin wurin, bari in ɗan zauna a kai.

Da farko ina roƙo kada kowa ya kawo Yahaya 10:16, inda Ubangiji ya ce yana da waɗansu tumaki da ba na wannan garke ba. Na sha jin matasa suna jan ayar nan zuwa sararin samaniya. Al'ummai yake nufi, waɗanda ba Yahudawa ba, wato ni da ku. Haka ƙafafun nan masu juyawa na Ezekiyel sura ta ɗaya, wahayin ɗaukakar Allah ne ga annabi a bakin kogin Kebar, kada a mai da su kumbo. In za mu yi muhawara mu yi ta da gaskiya, kada mu matse nassi har ya faɗi abin da muke so.

Na biyu, mu masu bi mun riga mun gaskata akwai masu hankali da ba 'yan adam ba. Mala'iku. Ba zuriyar Adamu ba ne, suna da hankali da zaɓi, waɗansu sun tsaya, waɗansu sun faɗi. Ibraniyawa 2:16 ta ce ba mala'iku Almasihu ya zo taimako ba, zuriyar Ibrahim ce. To ga halitta mai hankali wadda Allah ya bi da ita ta wata hanya dabam da tamu, kuma wannan bai rage wa gicciye komai ba. Saboda haka zancen cewa mu kaɗai ne masu hankali a dukan halitta, Littafin da kansa bai faɗe shi ba.

Na uku shi ne mai nauyin, tambayar yaron. Amsar rabinta a fili take: ba za a sake gicciye Yesu ba. Romawa 6:9-10 da Ibraniyawa 9:26-28 sun rufe wannan ƙofa, sau ɗaya tak ya mutu, mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Ɗaya rabin kuwa, Kolosiyawa 1:16-20 ta ce ta wurinsa aka halicci dukan abubuwa, na sama da na ƙasa, masu ganuwa da marasa ganuwa, kuma ta wurin jinin gicciyensa Allah ya sulhunta dukan abubuwa da kansa, na ƙasa da na sama. Ni a nan nake tsayawa. In akwai su, shi ya yi su. In suna bukatar sulhu, ba wani suna za a nemo musu ba.

Dattijo Mai Ritaya, Billiri:
Fasto, ranka ya daɗe, ka yi bayani. Amma ka duba Romawa 8:20-22. Dukan halitta tana nishi, an sa ta ƙarƙashin banza saboda faɗuwar mutum. In akwai wasu masu hankali a can da ba su ci 'ya'yan itacen ba, yaya za a ce la'anar Adamu ta shafe su? Ina adalcin? In kuma sun yi nasu zunubin, wa zai fanshe su? Mai fansa sai ɗan'uwa na jini, haka muka koya a littafin Rut. Yesu ya ɗauki jikinmu, ya zama Adamu na biyu, da wannan jikin ya tashi, da shi yake zaune a dama ga Uba. Bai ɗauki jikin wata halitta ba. Shi ya sa na ce babu su. Lissafin bai fita in akwai su.

Fasto, Tula:
Baba, wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan yi kamar na ture ta ba. Abin da zan ce kawai, lissafin da bai fita a hannunmu ba yana iya fita a hannun Allah. Bulus da kansa ya kira shigowar al'ummai asiri da aka ɓoye tun zamanai, Afisawa sura ta uku. Kafin a bayyana shi, Bayahude mai tsoron Allah zai iya kawo ayoyi ya nuna maka lissafin bai fita ba.

Ɗan Katikis, Yelwa, Bauchi:
Salama. Ni ɗan Katolika ne, ku ba ni dama in kawo abin da na sani ta ɓangarenmu, domin maganar nan ta girmi kakanninmu. A 1277 Bishop na Faris, Étienne Tempier, ya haramta koyar da cewa Allah ba zai iya yin duniyoyi da yawa ba. Ku lura, bai ce akwai su ba. Cewa ya yi kada wani ya ɗaure wa Mai Iko Dukka hannu da ilimin Aristotle, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka. A 1440 Nicholas na Cusa, wanda daga baya ya zama Kadinal, ya rubuta cewa mai yiwuwa akwai mazauna a wasu taurari, kuma ba a kore shi ba.

A zamaninmu, Batikan tana da cibiyar nazarin taurari. A 2008 shugabanta na lokacin, Fada José Gabriel Funes, ya ce gaskata yiwuwar halittu a wata duniya bai saɓa wa bangaskiya ba. Abin da ya fi taɓa ni a maganarsa shi ne misalin ɓatacciyar tunkiya na Luka 15. Ya ce mai yiwuwa mu ne tunkiyar da ta ɓata, sauran tasa'in da taran suna nan lafiya tare da Mahaliccinsu. Baba, ina ganin wannan ya ɗan taɓa damuwarka. In ba su faɗi ba, ba sa bukatar fansa. Makiyayi ya biyo wadda ta faɗa rami ne. A 2014 kuma Paparoma Francis, yana wa'azi a kan Bitrus da Karniliyus, ya kawo misalin in mutanen Mars suka zo neman baftisma, wa zai rufe musu ƙofa. Misali ne a wa'azi, ikkilisiya ba ta yanke hukunci a kan batun ba.

Ɗan Bogoro:
To ai ku ne kuka ƙone mutum a kan wannan maganar.

Ɗan Katikis, Yelwa, Bauchi:
Giordano Bruno kake nufi. An ƙone shi a Roma a 1600, gaskiya ne, kuma abin baƙin ciki ne da ba zan kare ba. Ya koyar da duniyoyi marasa iyaka, amma tuhumar ta haɗa da musun Triniti da allahntakar Almasihu. Ko da me ya faɗa, bai kamata a ƙone ɗan adam ba.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa, a bar zancen "ku ne" da "mu ne". Tambayar uwa ce a kan ɗanta. A ci gaba cikin ƙauna.

Malamin Kimiyya, Kaltungo:
Ina so in nuna girman abin da muke magana a kai, yadda nake yi wa ɗalibaina. Nakan ɗauki lemon zaƙi in ajiye a bakin ƙofar aji in ce wannan ce rana. Sai in sa yaro ya auna mita bakwai da rabi, ya ajiye ƙwayar acca ɗaya. Wannan ce duniyarmu, da Gombe da Bauchi da teku da kowa da kowa. Sai in tambaye su, tauraro mafi kusa da mu fa, ina za mu ajiye nasa lemon? Wani ya ce bakin gate, wani ya ce kasuwa, mai ƙarfin hali ya ce Billiri. Amsar ita ce kilomita kusan 2,000, wajen Bamako ta ƙasar Mali. Ajin yakan yi tsit.

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Zuwa wancan tauraron, Proxima Centauri, shekara huɗu da 'yan watanni. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, amma da can ya nufa sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Shi ya sa, Ɗan Bogoro, nake shakkar masu cewa baƙi suna zuwa suna komawa kamar masu zuwa cin kasuwar Kumo. Kuma gungun taurarin da ranarmu ke ciki yana da taurari aƙalla biliyan 100, irin wannan gungu kuma biliyoyi ne.

Ga abin da ke sa ni rawar jiki. Da Allah ya fito da Ibrahim waje ya ce ya ƙirga taurari in zai iya, Farawa 15:5, waɗanda ido ke gani a dare ɗaya ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba. Mai haƙuri zai iya ƙirga su. Amma Allah ya haɗa su da yashin bakin teku a sura ta 22. Sai da na'urar hangen nesa ta zo muka ga ashe haka abin yake.

Maman Tagwaye, Tumfure:
Malam, wannan lissafin naka tsoro ya ƙara ba ni. In mu ƙwayar acca ce, me ya sa Allah zai kula da mu?

Fasto, Tula:
'Yar'uwa, tambayar Dawuda ke nan a Zabura 8. Ya duba wata da taurari ya ce wane ne mutum har da kake tunawa da shi. Bai kammala da cewa ba a kula da mu ba, da sujada ya kammala. Ki duba kuma Ayuba 38:26, ayar da nake ƙauna ƙwarai: Allah yana sa ruwa ya zuba a ƙasar da babu kowa, a jejin da ba mutum. Duk wanda ya hau tudun nan namu na Tula da damina ya leƙa kwazazzabai ya ga furannin da ke tsirowa inda ƙafa ba ta taɓa takawa ba, ya san Allah yana yin abubuwa domin jin daɗin kansa. Saboda haka in sammai babu kowa, ba asara ba ce. In cike suke da masu yabonsa, ba kishiyoyinmu ba ne. Uwar tagwaye ta fi kowa sanin cewa zuwan na biyu bai rage wa na farko ƙauna ba.

'Yar Ɗakin Gwaji, Gombe:
Akwai abin da nake ta juyawa a rai. An gicciye Ubangiji a Urushalima, amma bishara ba ta iso ƙasar Tangale ba sai 1917, da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka zauna a Kaltungo. Kusan shekara 1,900. A duk tsawon lokacin nan kakanninmu suna kan duwatsunsu, waɗanda ke riƙe da Littafin ba su ma san da su ba. A wurinsu mu ne mutanen wata duniya. Amma jinin ya riga ya zuba dominmu tun kafin labarin ya iso.

Ɗan Katikis, Yelwa, Bauchi:
Haka ya faru da mutanen Amurka na asali. Bayan Turawa sun isa can a 1492 suka yi ta gardama ko cikakkun mutane ne, har sai da Paparoma Paul na Uku ya fitar da takarda a 1537 cewa mutane ne na gaske, kada a bautar da su, kuma suna iya karɓar bangaskiya.

Dattijo Mai Ritaya, Billiri:
'Yata, kin taɓa mini zuciya. Mahaifina yana yaro lokacin da bishara ta shigo ƙasarmu, ya sha ba mu labarin yadda suke laɓewa suna leƙen masu karatu. A hannunsa na fara ganin Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, bangonsa ya yage ya ɗinke shi da fata. Yana nan a akwatina. Amma ki lura da bambanci ɗaya. Da suka iso, 'yan'uwansu suka tarar. Ayyukan Manzanni 17:26 ta ce daga mutum ɗaya ya yi dukan al'ummai. Batangale da Bature da Bayahude jini ɗaya ne, shi ya sa jinin Yesu ya ishe mu. Wanda ke wata duniya ba ɗan Adamu ba ne. Misalinki ya yi tafiya mai nisa amma bai kai gida ba.

'Yar Ɗakin Gwaji, Gombe:
Na karɓa, Baba. Bai kai gida ba. Amma ya nuna mini cewa Allah yana da mutanen da masu Littafi ba su san da su ba, kuma bai manta da su ba.

Malamin Kimiyya, Kaltungo:
Baba, ka yi mini haƙuri in faɗi abin da ya sa na damu da maganar nan haka. Ina aji uku a sakandare na yi irin tambayar yaron nan a wani taron matasa. Mai jagorar ya tsayar da ni a gaban kowa ya ce ruhun shakka ya shige ni, aka kewaye ni ana addu'ar fitar da aljani. Ina jin 'yan mata suna dariya a baya. Daga ranar na kulle bakina. Da na shiga jami'a na sami waɗanda ke amsa tambaya ba tare da tsawa ba, kuma yawancinsu ba masu bi ba ne. Shekara shida ban taka majami'a ba. Mahaifiyata ta yi kuka har ta gaji.

Abin da ya fara dawo da ni, wani malaminmu ne ya ambata a aji cewa mutumin da ya fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga mafari guda, Georges Lemaître, limamin coci ne ɗan Beljiyam. Na je na bincika na ga haka ne. Na kuma ga cewa 'yan sama jannatin Apollo 8 sun karanta farkon Farawa daga kewayen wata a jajibirin Kirsimeti na 1968. Ashe an yi mini ƙarya da aka ce sai dai in zaɓi ɗaya. Tsorona shi ne, in muka ce wa yaro "babu kowa, Littafi ya faɗa," sai wata rana aka sami ko da ƙwayar halitta a ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, watan duniyar Jupiter da aka tura wa kumbo a 2024, yaron zai ɗauka Littafin ne ya faɗi. Alhali fassararmu ce ta faɗi.

Dattijo Mai Ritaya, Billiri:
Ɗana, abin da aka yi maka ba daidai ba ne. A madadin dattawa ina ba ka haƙuri. Yaro mai tambaya ba mai aljani ba ne, Ubangijinmu ma yana shekara 12 aka same shi a Haikali yana yi wa malamai tambayoyi. Ra'ayina yana nan, na gaskata babu su. Amma na yarda in ce wa yaro "haka na fahimta" maimakon "haka aka rubuta." Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji Allahnmu ne, abin da aka bayyana namu ne da 'ya'yanmu.

Ɗan Bogoro:
Ni dai har yanzu ina ganin a yi hattara. Akwai ƙungiyoyi a ƙasashen waje da suka mai da abin nan addini, suna jiran baƙi su zo su cece su.

Fasto, Tula:
Wannan gaskiya ne, ɗana, kuma gargaɗinka yana da wuri. Galatiyawa 1:8 ta ce ko mala'ika daga sama ya zo da wata bishara dabam kada a karɓa. Amma kada hattara ta sa mu ga aljani a kowane tauraron ɗan'adam. A maƙwabciyarmu jihar Bauchi, a Toro, hukumar sararin samaniya ta Najeriya tana da cibiya, 'ya'yanmu ne ke aiki da irin waɗannan na'urori.

'Yar Ɗakin Gwaji, Gombe:
Na nuna wa wata abokiyar aikina Musulma wannan hirar lokacin hutun rana. Ta ce su ma malamansu suna tattauna haka, a kan wata aya a Suratu Shura da ta yi maganar halittun da Allah ya watsa a sammai da ƙasa. Ta ce a gaishe da Baba.

Dattijo Mai Ritaya, Billiri:
Ina amsawa, Allah ya yi mata albarka.

Maman Tagwaye, Tumfure:
Na gode muku duka. Daren jiya na kira yaron, na fara da ba shi haƙuri kan tsawar da na yi masa. Na ce masa fitilun nan mutane ne suka ƙera su. Na ce har yau ba a ga kowa a can ba, manya masu tsoron Allah ma sun rabu biyu a kan ko akwai. Na ce in akwai su Yesu ne ya yi su, ya san sunansu yadda ya san sunan kowane tauraro, kuma ba za a sake gicciye shi ba har abada. Ya yi shiru, sai ya ce, "To in sun zo, za mu ba su wurin zama a coci?" Na ce za mu ba su. Ɗan'uwansa ya ce shi zai matsa musu a benci.

Malam, ina da roƙo. Za ka iya zuwa ka yi wa yaran ajina wannan misalin na lemo da acca?

Malamin Kimiyya, Kaltungo:
Da farin ciki, Mama. Amma mu yi shi da dare, su gani da idonsu. Mu jira ruwa ya ɗauke, farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko, a daren da babu farin wata. Lokacin Kaza da 'Ya'yanta tana fitowa ta gabas da wuri, ita ce wadda aka ambata a Ayuba 38:31. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma ina da madubin hangen nesa na hannu, da shi za su ga gommai. Hasken da zai shiga idonsu ya baro can shekara 440 da suka wuce, tun zamanin Mai Idris Alooma na Borno. Sai dai Tumfure fitilu sun yi yawa, a nemi fili a bayan gari.

Fasto, Tula:
Ku hauro Tula. Filin majami'armu a buɗe yake, zumuntar mata za su dafa wa yaran abinci. A kawo rigunan sanyi.

Dattijo Mai Ritaya, Billiri:
In Allah ya kai mu, a biyo ta Billiri a ɗauke ni, a kan hanya nake. Zan zo da Littafin mahaifina in karanta wa yaran Zabura 19. Malam, idona ya yi rauni, madubin naka zai yi wa mai tabarau aiki?

Malamin Kimiyya, Kaltungo:
Zai yi, Baba, ana murɗa shi daidai idon mutum. Maman Tagwaye, ki turo mini adadin yaran in san motar da za a nema.